Ku Matso Kusa, Maganar Aikin Nan na Waya

Ku matso kusa ƙawayena, wannan magana ba ta tsakar gida ba ce. Kowaccenmu tana da ɗa ko ƙane da ya gama karatu yana zaune, ko kuma ita kanta tana son ɗan abin da za ta riƙa samu tana cikin ɗakinta. Gonakin da ke nesa da gari ba kullum ake iya zuwa ba, kun san halin rashin tsaro, ba sai na faɗa ba. Hanyar Sheme da 'Yankara kuwa sai mutum ya yi addu'a kafin ya hau mota. To a irin wannan hali, in saƙo ya faɗo waya cewa ga aiki daga gida, naira dubu talatin a rana, ba jarrabawa, ba tafiya ko'ina, wace ce zuciyarta ba za ta motsa ba?

Saƙon yakan zo da Turanci, ta imel ko ta WhatsApp. Wata ce wai daga sashen ɗaukar ma'aikata na wani babban kamfani, ta ga takardunki sun burge ta. Waɗanne takardu? Yaushe kika nemi aikin? Ba ta ma ambaci sunanki ba, don saƙo ɗaya ne aka watsa wa dubban mutane. Ki duba adireshin da ya aiko: sunan kamfani ne a gaba, amma ƙarshensa gmail.com, irin wanda yaron gidanku zai buɗe a minti biyar. Wani lokaci sun fi haka wayo, sai su canja harafi ɗaya a sunan kamfanin, ido ya wuce bai lura ba. Hukumomin gwamnatin tarayya shafukansu da .gov.ng suke ƙarewa. Tun da aka fara shirin gwamnati na N-Power a 2016 ake ta buɗe shafukan bogi da sunansa ana karɓar kuɗin fom, alhali kyauta aka riƙa yin rajistar.

Amma wanda ya fi cin mutanenmu yanzu ba na kuɗin fom ba ne, don wannan an fara gane shi. Sabon salon, su suke fara biyan ki.

Wata 'yar uwata ta kusa, kada ku tambaye ni wace ce, haka aka yi da ita. Aka ce ta danna alamar so a bidiyo uku na YouTube, ta ɗauki hoton fuskar wayar ta tura. Kafin ta sauke tukunya sai ga kuɗi sun shigo asusunta. Kuɗi na gaske, ta aiki yaro wurin mai POS ya ciro, ta sayi omo da magi. Washegari aka ce ta ba wani otal taurari biyar a taswirar Google, otal ɗin da ba ta san ko a wace ƙasa yake ba. Aka sake biya. Kamar tsabar da ake watsa wa kaza ce in za a yi baƙi, ana watsawa ana ja da baya har ta shigo akurki.

Daga nan aka mayar da ita wani zaure na Telegram cike da mutane, kowa na turo hoton rasit yana godiya. Yawancinsu mutanen gidan ne, wataƙila ma mutum ɗaya ne da wayoyi goma a gabansa. Sai aka ce ta kai matakin manyan ayyuka: za ta saka dubu goma ta karɓi dubu goma sha uku. Ta saka, aka ba ta. Na gaba dubu hamsin. A wani shafi da suka buɗe mata tana ganin lambobi suna hawa da sunanta a sama, amma da ta zo cirewa sai aka ce ta yi kuskure a aiki na uku, sai ta saka ninki a gyara. Kwasar adashinta ta tafi a nan. Tunkiyar da take kiwo don sallah ta bi baya, wai kuɗin haraji. Ni na same ta da daddare zaune bakin gado, fitilar waya na haska fuskarta, tana ta rubuta wa matar da ke ba ta aikin roƙo. Matar na amsa mata da ladabi, har da kiran ta 'yar uwa, tana cewa saura biya ɗaya kacal.

Abin da ya fi ba ni haushi, mako biyu tana cikin wannan ba ta gaya wa kowa ba. Da farko tsoron kada a yi mata hassada, daga baya kunya. Su ma sun san da haka, shi ya sa suke cewa guraben kaɗan ne, a yi sauri, kada a yaɗa.

Kada ku zaci wani yaro ne shi kaɗai a ɗaki. A Disambar 2024 EFCC ta kai samame wani dogon bene a Victoria Island ta Legas, ta kama mutum 792 a lokaci guda, cikinsu 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. Kwamfutoci jere reras, an ɗauki samarinmu aiki an koya musu yadda za su yi hira da mutum har ya saki jiki. Waɗancan soyayyar ƙarya da jarin bogi suka fi yi, amma sana'ar ɗaya ce. A iyakar Myanmar da Tailan ma akwai irin waɗannan gidaje, inda aka yaudari mutane har da 'yan Afirka da tallan aiki, suka je aka ƙwace musu fasfo aka tilasta su damfarar wasu. Wani sa'in nakan ce, watannin nan na ƙarshen 2021 da aka rufe mana layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, duk wahalar da muka sha, aƙalla masu damfarar nan ba su same mu ba.

Akwai kuma wanda ya fi asarar kuɗi muni, ku ja kunnen samarinku a kansa. Za a ce aikin shi ne wakilin biyan kuɗi: a turo kuɗi asusunka, ka cire kasonka, ka tura saura wani wuri. Ko a ce ka kawo lambar BVN da NIN da hoto a buɗe maka asusun albashi. Kuɗin sata ne ake wankewa, ko na fansa, mu da muke nan mun san abin da wannan ke nufi. Ranar da aka bi sawu, sunan da ke kan asusun shi za a nema, ba matar Telegram ba. Lambar nan da banki ke turowa ta saƙo kuwa, ko ma'aikacin bankin ba shi da hurumin tambayar ta.

In har an riga an tura, a kira banki a take, kada a bari sai an kwana, wani lokaci akan iya tsayar da kuɗin kafin su fice. A adana rasit da hirar duka, kada a goge don haushi, su za a nuna wa 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano ko Kaduna. Sannan a sa ran wani saƙon, don sunan wanda ya taɓa biya yakan zaga hannunsu. Bayan kwana kaɗan wani zai ɓullo ya ce shi lauya ne ko jami'i, ya ji abin da ya faru, zai dawo miki da kuɗinki gaba ɗaya. Ita ma 'yar uwar tawa ya rubuto mata. Dubu ashirin ya nema, na buɗe fayil.