Kyanwar Gidan Iya Tana Neman Masauki

Duk wanda ya shekara biyar a Abuja ya san tashi. Ko mai gida ya ƙara kuɗin haya, ko a wayi gari a ga jan fenti a bango, ko a yi wa mutum canjin wurin aiki, ko kasuwa ta ƙi ya ce bari ya koma gida ya yi noma. Ranar tashi ba a barin komai. Katifa, tukwane, janareta, turmi da taɓarya, kaji an ɗaure musu ƙafa, akuya tana kuka a bayan akori-kura. Abu guda ake bari a baya, shi ne kyanwa. Alhali yawancinmu da hannunmu muka je muka roƙo ta tun tana 'yar ƙarama, lokacin da ɓeraye suka hana mu barci. Ita ba ta san an tashi ba. Takan yi kwanaki a bakin ƙofar da aka sa wa kwaɗo, sai yunwa ta kore ta zuwa bola.

A unguwar nan irin waɗannan kyanwoyi gida ɗaya suke ƙarewa, kuma kowa ya san shi: gidan Iya mai daddawa, bayan masallaci. Iya ta zo ƙasar nan daga wajen Funtuwa tun ana ginin birnin, kafin a dawo da gwamnati daga Legas a 1991. Ba ta taɓa cewa ta buɗe gidan kiwon kyanwa ba. Ta dai ƙi korar ta farko, ta biyu ta biyo baya, daga nan yara suka gane hanya. Duk wanda ya tsinci jarirai a kwali sai a ce masa, "Kai gidan Iya." Da kan kifi da ƙanzon tuwo da ragowar abincin maƙwabta take riƙe su. A bana sun kai bakwai.

To yanzu Iya ma tashi za ta yi. Ƙafa ta matsa mata, ɗanta ya ce a ƙarshen wata mai zuwa zai zo ya tafi da ita gida. Da labari ya bazu, shida sun samu wuri ba tare da wahala ba. Mai shagon hatsi ya ɗauki biyu, mai injin niƙa ɗaya, sauran uku suka shiga gidaje. Ta bakwai ce kowa ya leƙa ya ja da baya. Mace ce, fara mai ɗigon ja a baya, ba ta fi shekara ɗaya ba. Kwantsa ta like mata ido biyu, majina a hanci, atishawa ba tsayawa, kwana huɗu ba ta ci komai ba har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Iya, don haka ni ta kira. Ta ce, "Ɗan nan, waccan ba za ta kai Funtuwa ba, kuma ban iya barin ta haka in tafi. Me zan ce wa Ubangiji?" Na ce, "Iya, ki bar min, gobe in sha Allahu zan kai ta a duba." Ta ce, "A duba a ina? Kyanwa ma tana da asibiti?"

Kafin gari ya waye shawarwari sun taru. Wani ya ce a jiƙa mata rabin fanadol. Wata ta ce a ɗura mata man ja. Wani ya ce kafso ja-da-rawaya ba ya ƙarya. Wani kuma ya faɗi abin da da yawa ke tunani, ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari, in ta yi rai shi ke nan. Iya ta ce ba wanda zai ba ta komai sai an gani. Na huda kwalin taliya, na shimfiɗa tsumma, na ɗaure a bayan babur.

Likitocin dabbobi ba su yi mana nisa ba kamar yadda muke zato. Jami'ar Abuja tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada, akwai masu zaman kansu a cikin gari, kuma duk mai hulɗa da karar Dei-Dei ya saba ganin masu duba shanu da tumaki. Na tarar da layi na masu karnuka da mai rago ɗaya. Da mai ragon ya leƙa kwalina sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, mutane ba su samu na magani ba, kai mage ka kawo?" Ban ji haushinsa ba, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Akwai gidaje a layinmu da yaro ke kwance da zazzaɓi ana lissafin kuɗin allura. Amma shi ma ai rago ya kawo, bai ce bari a ba marasa lafiya kuɗin ba. Ragon yana da farashi a kasuwa, shi ya sa ba mai yi masa dariya. Kyanwa aikinta da daddare take yi, ba a ganin sa sai ranar da ta bar gida buhun masara ya fara zuba.

Abin da likita ta gaya min shi ne babban dalilin wannan rubutu, don na tabbata zai amfani duk mai kyanwa a gida. Ta ce murar kyanwoyi ce. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, tana yaɗuwa tsakaninsu ta atishawa da kwanon abinci, musamman inda suka yi yawa wuri ɗaya, amma ba ta kama mutum. Ta ce kyanwa da hanci take cin abinci, in hanci ya toshe ba ta jin ƙamshi, sai ta ƙi ci ko da nama ne a gabanta, kuma rashin ci da rashin shan ruwa su ne ke kashe ta fiye da murar kanta. Dabarar ita ce a ɗumama kifi yadda ƙamshinsa zai tashi, a riƙa goge mata ido da hanci da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Ta yi mata allura, ta ba da maganin ɗigawa a ido da na tsutsar ciki.

Da na ambaci fanadol sai ta ajiye biro. Ta ce wannan ƙwaya da muke sha kamar gyaɗa guba ce ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini, don haka tuwo da miyar da ta sha albasa ba abincinta ba ne na kullum. Madarar da muke ganin gata ce, manyan kyanwoyi da yawa gudawa take sa su. Maganin ƙuma na karnuka akwai wanda ke kashe kyanwa, balle fiya-fiya da wasu ke shafa wa dabba. Ta ƙara da shinkafar ɓera: wanda ya ajiye kyanwa kuma ya zuba guba a lungu, ɓeran da ya ci gubar shi kyanwar za ta fi saurin kamawa, don ya riga ya galabaita.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Tana ci, tana lasar jikinta, shekaranjiya har ta bi ƙadangare. Idon dama ya buɗe sarai. Na hagu akwai hazo a ciki, likita ta ce mai yiwuwa haka zai zauna. Ta kuma ce in gaya wa duk wanda zai karɓe ta gaskiya: irin wannan ƙwayar cuta takan laɓe a jiki, in kyanwa ta wahala ko sanyin hunturu ya kama ta, murar tana iya ɗan dawowa. Kuɗin da aka kashe zuwa yanzu ba daga aljihun mutum ɗaya ya fito ba. Bayan sallar isha'i na faɗa a majalisa, wani ya ba da ɗari biyar, wani dubu, har wanda ya kawo shawarar buhu ya sa hannu a aljihu. Allah ya saka wa kowa.

Saura abu biyu. Na farko allurar rigakafin haukan kare, wadda za a yi mata in ta ƙara ƙarfi. Sunan cutar ya sa muna zaton ta karnuka ce kaɗai, amma tana kama kyanwa, kuma tana shiga mutum ta cizo ko yakushi. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu yin allurar rigakafin dabbobi a ƙasar nan, kuma kowace 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Duk wanda kare ko kyanwar da ba a sani ba ta ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin dabbar. Na biyu shi ne aikin tsayar mata da haihuwa. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo uku, huɗu ko biyar. Kwalayen da yara ke kai wa Iya daga nan suke fitowa. Wannan na bar wa wanda zai karɓe ta, ya tambayi malaminsa ya ji, ya tambayi likita ya ji.

Ni ba malami ba ne, amma akwai abin da duk muka ji tun muna makarantar allo. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba har ta mutu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwar da yake ɗauka aka yi masa laƙabin Abu Huraira. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai hadisin da ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a gida. Kuma Musulmin da ba su tsaya a karatu ba. Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu a Alƙahira don a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Mu kuwa sai ga yaranmu suna bin kyanwa da jifa, in baƙa ce a ce mayya ce ta rikiɗa, manya suna zaune suna kallo.

Wanda bai ji ta wannan fuskar ba, ya duba ta fuskar rumbunsa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a abinci, kuma ya fi tashi da rani. Kyanwa ba ta ɗauke mana rufe abinci da share gida ba, amma an ce in mage ba ta nan ɓera ya sake, kuma masu shagunan hatsi sun fi kowa sanin haka.

Mu Hausawa duk inda muka je da zango muke farawa. Daga Sabo ta Ibadan har Kumasi da Ankara, baƙo in ya sauka ba ya kwana a titi, ana kai shi wajen mai masauki ko Sarkin Hausawa, a ba shi tabarma da abinci kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi. A nan ma ƙasar Gbagyi muka tarar, suka matsa mana muka zauna. Babu ɗayanmu da bai taɓa kwana a ɗakin da ba nasa ba. Shekara da shekaru Iya ce mai masaukin waɗannan bayin Allah, ita kaɗai, da kuɗin daddawa. In ta tafi, ba na jin akwai gida ɗaya da zai iya ɗaukar abin da ta ɗauka, sai dai a raba.

Don haka ga roƙona. Ana neman gida ɗaya da zai karɓi wannan kyanwa kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ni ɗaki ɗaya nake haya, kuma mai gida ya sharɗanta ba dabba, shi ya sa har yanzu tana wajen Iya ina zuwa ina sa mata magani. Ya fi kyau gidan da babu wata kyanwa a yanzu, babu mai ciwon asma, ba a kuma zuba gubar ɓera. Abin da take buƙata bai taka kara ya karya ba: ruwa mai tsabta, kan kifi ko guntun nama sau biyu a rana, kwali a inda iska ba ta bugawa, da tsohon baho da yashi a ciki don bayan gida. In akwai mai juna biyu a gidan, wani ne zai riƙa zubar da yashin, ba ita ba. A tsare ta a ɗaki kwanakin farko har ta saba, in ba haka ba za ta koma gidan Iya ta tarar da kwaɗo. Ba ta yakushi, yara sun saba da ita. Kuɗin allurar da ta rage akwai ragowar na majalisa, ba za a ɗora wa kowa ba.

Sauran 'yan unguwa kuma, duk wanda tashi ta kama shi, ya tuna da kyanwarsa tun mako guda kafin mota ta zo. Ko ya tafi da ita a kwali, ko ya damƙa ta hannun maƙwabci baki da baki, ko ya faɗa a masallaci bayan sallah kamar yadda ake cigiya. Mai son ganin wannan ɗin ya biya gidan Iya bayan la'asar, zai same ta a gindin randa. In kun je ku gaida Iya, ku yi mata sallama, ta cancanci haka a wurinmu. Allah ya kai ta gida lafiya, ya ba ta ladan abin da ta ciyar.