Wayar Inna

A Zongon Kumasi, ƙasar Gana, akwai wata mata mai saida koko da ƙosai. Tana da ɗiya ƴar shekara 4. In aiki ya yi yawa, sai ta miƙa mata waya ta kalli TikTok.

Wata rana da dare, yarinya ta farka tana kuka. Ta ce: «Inna, na ga ana dukan wani mutum cikin waya!»

Hankalin Inna ya tashi. Da safe ta gaya wa ƙanenta, malamin makaranta. Ya ce: «Yaya, TikTok ba na ƙanana ba ne, sai mai shekara 13.» Ya sa mata YouTube Kids, wanda aka yi don yara a 2015. Ya rufe wurin bincike, ya sa agogon da ke tsaida kallo.

Ya ƙara cewa: «Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai shekarunta ya wuce awa 1 a yini. Kuma ki riƙa leƙawa, waya ba ta reno.»

Yanzu, in agogo ya cika, yarinya sai ta ruga wurin kaka sauraren tatsuniya.