Labarin Zuciya A Tambayi Tukunya

Wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a Amurka ya zo hutu, ya kawo mana tsarabar littattafai guda uku, don ya san halinmu na son karance-karance tun muna koyar da su adabi. A cikinsu akwai wani ƙagaggen labari mai suna Memorial, wanda Bryan Washington, wani matashi baƙar fatar Amurka, ya wallafa a shekarar 2020. Ba mu yi nisa ba muka gane cewa labarin soyayya ne tsakanin namiji da namiji. Nan take muka rufe shi, muka naɗe bangon da tsohuwar jarida, muka tura shi can ƙuryar durowarmu a ofishin malamai. Ba sai mun gaya wa mai karatu dalili ba. Ya san yadda jama'armu ke kallon wannan al'amari, ya kuma san bakin mutane a kan malamin da aka ba amanar yara.

Littafin ya yi zango guda a durowa. Abin da ya sa muka fito da shi kuwa shi ne kunyar kanmu, domin mun sha gaya wa ɗalibai cewa zalunci ne a yanke wa littafi hukunci ba a karanta shi ba. Da aka yi dogon hutu muka tafi da shi gida, muka karance shi cikin dare huɗu.

Ga yadda labarin yake. Benson da Mike suna zaune tare a birnin Houston na jihar Texas. Benson baƙar fata ne, yana aiki a gidan renon yara. Mike kuwa asalin iyayensa Japan ne, kuma kuku ne a wani gidan abinci irin na mutanen Meziko. Zamansu ya fara tsami, faɗa yau, shiri gobe. Ana cikin haka sai Mike ya sami labarin cewa mahaifinsa, Eiju, wanda suka daɗe da rabuwa, yana kwance da ciwon daji a birnin Osaka. Sai ya kama hanyar Japan, daidai lokacin da mahaifiyarsa, Mitsuko, ta sauka a Houston don ta ziyarce shi. Wato dai aka bar Benson a ɗan ƙaramin gida da tsohuwar da bai taɓa gani ba, ita ma ba wurinsa ta zo ba.

To, a nan ne marubucin ya ba mu mamaki. Mun zaci za a yi ta dogayen jawabai da koke-koke. Ina! Tsohuwar ba mai yawan magana ba ce, in ta yi ma da ƙaya take fitowa. Kicin ta shiga ta mallake shi, ta riƙa girki irin na ƙasarsu, sannu a hankali ta fara sa Benson aiki, tana gyara masa hannu. A can Osaka kuma Mike yana taya mahaifinsa aiki a 'yar mashayarsa, yana girka wa mutumin da ya gudu ya bar su abinci, alhali fushin shekaru bai huce ba. Abin da baki ya kasa furtawa, na neman gafara ko na yarda, sai a zuba shi a kwano a tura wa mutum.

Muna karanta wannan sai muka tuna da namu gidan. Shekarun baya mahaifiyarmu ta zo daga ƙauye neman maganin ido, a daidai makon da aka tura mu wani gari aikin duba takardun jarrabawa. Ita kuwa ba ta so aurenmu ba, don tana da wadda ta zaɓa mana a dangi. Tun da aka ɗaura auren, gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da maiɗakinmu. Muka tafi gabanmu na faɗuwa. Da muka dawo bayan mako biyu, tun daga zaure muka ji ƙamshin daddawa irin wadda ba a samu a kasuwar birni. Muka tarar da su a gindin murhu, tsohuwa na cewa, "'Yar nan, sassauta wutar, kuka ba ta son gaggawa. Barbaɗa kaɗan-kaɗan kina kaɗawa." Ita kuma tana amsawa, "To, Inna." Har Allah ya karɓi ranta ba mu taɓa jin ta ce ta karɓi surukarta ba. Amma ranar da za ta koma, sai ta bar mata maburginta, wanda ta ƙulla cikin kaya tun daga ƙauye. Da shi ake kaɗa mana miya har yau.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke son faɗa wa 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke kawo mana rubutunsu mu duba. A yawancin labaran soyayya da ke zuwa hannunmu, abinci ado ne kawai. Saurayi zai zo zance, a jera masa soyayyar kaza da farfesu da lemon kwalba, don a nuna gidan masu hali ne, daga nan a ture tiren gefe a shiga shafi biyar na kalaman zuma. Ba a gaya mana wa ya hura wutar ba, ko wa ya ƙi ci, ko wa ya ɗauke tsokarsa ya sa a kwanon wani. Alhali mu mutane ne masu kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, mata da yawa kuma sun tsufa ba su taɓa ce wa miji suna son sa ba. In har akwai al'ummar da ta ɓoye zuciyarta a cikin akushi, to tamu ce. Me ya sa sai wani ɗan Houston ne zai tuna mana?

Ba mu ce kowa ya nemi littafin nan ba. Akwai wuraren da aka yi maganar shimfiɗa ƙiri-ƙiri, waɗanda ba za mu ɗora a gaban ɗalibi ba, kowa kuma ya san abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Amma ba za mu yi ƙarya mu ce mun rufe shi yadda muka buɗe ba. Mun buɗe shi muna jiran baƙin abubuwa, sai muka iske ɗa mai jinyar uba, da uwa mai tsoron rasa ɗanta, da mutum biyu da ba su san ko za su ci gaba da zama tare ba, marubucin ma bai yanke musu ba.

Da aka koma makaranta mun ba 'yan ajinmu aikin gida: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan mutum biyu da suka ɓata suka shirya, ba tare da kalmar "so" ko "yafe" ta fito ba. Wata yarinya ta rubuto yadda kakarta ke ajiye wa kishiyarta ƙanzo. Ita ta fi kowa maki.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.