Ƙwalama a Ƙasar Gyaɗa

A Kano, idan likita ya ɗauko zancen ciye-ciye, gargaɗi yake yi: a rage lemo, a bar cincin da dare, a kula da tumbi. A Sakajiki, cikin ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, zancen ya sha bamban. Tun da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu na nesa, gidaje da yawa a arewacin Zamfara sau biyu ake ɗora tukunya, wasu ma sau ɗaya. Cikin yaro kuwa ƙarami ne, kokon safe ba zai riƙe shi har tuwon dare ba. Abin da ya tauna a tsakani, wanda mu muke kira ƙwalama, shi ne abincinsa na rana.

A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka samu kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. A wurin da abu ya kai haka, 'yan canjin da uba ya miƙa wa yaro da hantsi ba abin wasa ba ne.

A Sakajiki, na zauna a inuwar wani shago ina kallon inda kuɗin ke zuwa. A gefe guda ga farantan 'yan talla: ƙuli-ƙuli, dafaffiyar gyaɗa, aya, awara da yaji, kwaɗon zogale. A kan teburin mai shago kuma ga biskit, ga alewa, ga ruwan zaƙi mai kala a leda. Yawancin yaran ledar suke nufa, kuma ban ga laifinsu ba, ƙyalli da zaƙi ne suka ja su. Sai dai fulawa da sukari suna kashe yunwar ɗan lokaci ne, su toshe wa yaro marmarin tuwo, ba tare da sun ƙara masa tsoka ko jini ba.

Wata dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta bar ni na tsaya a bakin zaurenta. An soya gyaɗa, an murje, an kai niƙa, tana juya ƙullin a turmi tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ta kwashe man, ta mulmula tunkuzar, ta jefa a kasko. Abin da ya rage bayan an matse mai shi ne sinadarin da ke gina jiki, wanda biskit ba shi da ko kusa. Na lura tana tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi funfuna tana zubarwa, kuma ta yi daidai, don gubar da ke cikin irin wannan gyaɗar tana lalata hanta.

Wannan ƙasa ai ta gyaɗa ce. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Yau abin da ake ceton yara da shi a asibitocin Shinkafi da Zurmi gyaɗar ce dai, an haɗa ta da garin madara da mai da sukari da sinadarai a ƙaramar leda, dabarar da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Wannan kam magani ne na yaron da ya riga ya kwanta, ƙuli-ƙuli ba ya maye gurbinsa, kuma raina yana ɓaci idan na ji ana sayar da shi a kasuwa ko manya suna lashewa. Amma kafin a kai ga kwanciya, garin ƙuli-ƙuli a cikin kunu, ko 'yar awara da la'asar, suna tsare abu mai yawa. Ƙananan yara a daka musu, kada ƙwaya ta shaƙe su.

A cikin garin Ƙaura sai na sake ganin matsalar Kano. 'Yan acaɓa da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya suna wuni a kan shayi mai sukari da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma babbar robar lemo guda kan cinye wannan adadin. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnati ta fara karɓa a 2022 bai hana kowa sha ba.

Da na ce wa dattijuwar ƙuli-ƙulinta ya yi ƙanana, sai ta ce in je in tambayi kuɗin tiyar gyaɗa, sannan in tambayi mutum nawa suka iya zuwa gona bana.