Ranar da A-kori-kurar Kawu Ta Ƙi Tashi

Mu biyu ne, 'yan aji biyar na sakandare, kuma hutu biyu kacal muka yi a garejin wani bakanike a cikin garin Daura. Amma a gida kowa Injiniya yake kiranmu, mu kuwa ba mu taɓa cewa a daina ba.

Wata Lahadi da hunturu, bayan sallar asuba, Kawu ya gama loda wa tsohuwar a-kori-kurarsa Peugeot 504 buhunan wake, zai kai kasuwar Mai'adua. Wake bakwai daga ciki na maƙwabta ne, amana. Ya murza makulli, kik ya juya inji sosai, mota ta ƙi tashi. Sai ya ce a kira injiniyoyi.

Abin da muka fara yi abin kunya ne. Muka cire murfin kabureta muka tsiyaya fetur a ciki, don mun sha ganin ana yi. Muka sa Kawu ya yi ta ba ta kik har batir ya fara nishi. Fulogogi suka jiƙe sharkaf, warin mai ya cika ƙofar gida, rana kuma tana ɗagawa. Masu waken suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Dole muka kira maigidanmu a waya. Bai tambaye mu abin da muke zato ba. Cewa ya yi, "Yara, inji yana juyawa?" Muka ce eh. "To ku ƙyale batir da kik. Akwai wuta?" Muka yi tsit, don ba mu duba ba.

Muka zare wayar tsakiya da ke fitowa daga kwayil, muka riƙe bakinta kusa da ƙarfen inji, aka ba da kik. Ko ƙyas. Muka ɗauko ƙaramin kwan fitilar mota mai waya biyu, ɗaya a jikin ƙarfe, ɗaya a inda wuta ke shiga kwayil. Ya kama, wato makulli da wayarsa ba su da laifi. Muka mayar da shi ɗaya gefen, wanda ke tafiya distributa. A nan kamata ya yi ya riƙa kamawa yana mutuwa yayin da inji ke juyawa. Bai kama ba sam, kwayil kuma ya yi zafi.

A ranar muka gane abin da malamin Physics ya zana mana a allo muka kwafa kawai. Batir bolt 12 yake bayarwa, fulogi kuwa dubbai yake buƙata. Kwayil ba ya haifar da wannan ƙarfin sai a daidai lokacin da aka katse wutar da ke ratsa shi, kuma kwantak ɗin cikin distributa ne ke katsewar. Idan bakinsa bai buɗe ba, ko kwana aka yi ana kik, tartsatsi ba zai fito ba.

Da muka cire murfin distributa, muka sa mota a giya muna girgiza ta gaba da baya, sai ga shi a fili: ɗan dudduge da ke ɗaga kwantak ya cinye, baki a manne. Muka goge shi da sanfefa, muka sassauta sukuru, muka buɗe tazara. Milimita 0.4 ake so. Ba mu da ma'auni, sai muka gwada da kwalin ashana kamar yadda maigida ya ce. Motocin yanzu irin su Hilux ba su da kwantak, na'ura ce ke wannan aiki, amma tambayar farko tana nan.

Gwajin gaba ɗayanmu ya manta ya riƙe wayar da tsumma. Ihun da ya yi shi ya sanar da unguwa cewa wuta ta dawo.

Batir kam mun riga mun kashe shi da hannunmu. Muka shanya fulogogi, masu wake suka tuɓe manyan riguna, aka tura a giya ta biyu. Ta yi tari sau biyu ta kama. Kawu ya isa Mai'adua bayan azahar, manyan masu saye sun riga sun loda nasu, buhu uku suka dawo gida. Bai yi mana faɗa ba. Da daddare dai ya miƙo mana sabon kwantak a kwalinsa, ya ce gobe da safe a ɗaura, kuma a ari ma'aunin gaske a gareji.