Taswirar Garin Da Ba A Gina Ba

Ni ɗan kasuwa ne, tayil nake sayarwa a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kan hanyar da ta tashi daga Kubwa ta nufi Zuba. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan raba dare ina neman manhajar zana taswira ba, balle taswirar garin da babu shi a doron ƙasa. To, ga yadda abin ya faru.

Ina da yaro, ɗan fari, saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri in ban kama sunansa ba. Bara ya gama sakandare bai sami shiga jami'a ba, tun daga nan ya zama shiru-shiru a gida. Ran nan na komo da la'asar sakaliya, sai na iske shi a tsakar gida da abokansa huɗu, sun kewaye wani kwalin tayil da aka farke aka yi wa zane da biro, suna jefa wani abu mai kama da ɗan lido. Gabana ya faɗi, don na san abin da caca ta yi wa samari a unguwar nan. Ban tambayi kowa kome ba, na sallami baƙin, na cusa kwalin a murhu. Kwana uku ba abin da ke haɗa ni da yaron sai gaisuwa.

Uwarsa ce ta sa na zauna na saurare shi. Ashe wasa ne wanda mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya riƙa faɗin abin da zai aikata, ɗan lidon nan mai fuska 20 shi ke yanke ko ya dace ko bai dace ba. Ba a sa ko kwabo. A Amurka aka fara shi, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a 1974. Amma yaron bai ɗauko dodannin Turawa ba. Labarinsa na wani ayarin fatake ne da suka taso daga Zazzau a zamanin da Sarki Muhammadu Makau ya yo ƙaura zuwa Zuba, nan kusa da mu, kafin ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali a 1828, watau garin da ake kira Suleja a yau. Kwalin da na ƙone kuwa taswirar zangon fataken ce, aikin wata biyu.

Uba ba ya iya ba ɗansa haƙuri da baki yadda ya kamata. Abin da na iya cewa shi ne, “Ɗauko kwamfutar shago, mu sake ta.”

Nan na gane kalmar kyauta kala-kala ce a intanet. Ta farkon da muka gwada ta bar mu muka yi zane har muka shagala, sa'an nan ta ce in muna son sauran kayan ado sai mun riƙa biyan dala a kai a kai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani yaro mai gyaran waya ya ce zai sa mana ta sata a kan kuɗi kaɗan. Na ƙi, don a cikin kwamfutar nan lissafin bashin shagona yake, ba na gayyato mata cuta.

Daga baya muka dace da waɗanda ba su da ƙugiya. Akwai ta Azgaar, wadda da ka buɗe shafinta sai ta ƙago maka nahiya sukutum, da koguna da duwatsu da iyakokin masarautu, har ma kana iya ba ta sunayen da kake so ta riƙa raɗa wa garuruwa irinsu. Akwai kuma ta Watabou mai zana birni da unguwanninsa cikin ƙiftawar ido. Yaron ya yi ta murna. Ni kuwa da na ƙura wa birnin ido, sai na ga ba namu ba ne, birnin Turai ne na zamanin da. Ba laifin masu ita ba ne, kowa garinsu yake zanawa. Amma ina zauren? Ina rumbu, ina marina, ina kukar da fatake za su sauke kaya a gindinta?

Sai muka koma ga Inkscape. Ita ba don wasa aka yi ta ba, manhajar zane ce kawai, tun 2003 masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke gina ta, kowa na da izinin ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya ba wani. Da ka sauke ta sau ɗaya ba ruwanka da sayen data, abin da duk mai shago ya san darajarsa. Wahalarta ɗaya, fili take ba ka fetal, ba ta zana maka ko tsinke.

A nan ne sana'ata ta yi rana. Taswirar wasan gida-gida ake raba ta kamar dara, kowane gida inci ɗaya a takarda, yana tsaye a matsayin ƙafa biyar a cikin labari. Wannan ai shimfiɗar tayil ce. Yaron ya ba zaure gida goma sha biyu, na ce masa kai, ƙafa sittin ke nan, ko zauren sarki sai a tara magina. Muka mai da shi gida uku. Na nuna masa yadda ƙofar gari ke da zurfi saboda kaurin ganuwa, kamar yadda na san Ƙofar Doka a Zariya ina yaro, da yadda ba a buɗe ƙofar zaure ta ciki daidai da ta waje, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Shi kuma ya koya mini abin da ban sani ba: a zana ƙasa a shimfiɗa ɗaya, gine-gine a ta biyu, ramukan ɓoye da hanyar 'yan fashi a ta uku, wadda mai jan labari kaɗai zai gani. Rumbu guda muka wahala a kansa, daga nan sai kwafi, har arba'in. Kukar ce ta ci mana dare biyu. Duk yadda na ja rassanta sai ta fito kamar rogo.

Ban san sa'ad da muka fara hira ba. Cikin hirar ne ya ce mini, “Baba, wai akwai karatun wannan abin?” Na ce akwai mana, su safiyo da masu tsara birane da me suke ci? Bai ce kome ba, amma da lokacin cika takardar jarrabawa ya zo na ga abin da ya zaɓa.

Muka buga taswirar a takarda tara a wani shagon buga takardu, muka haɗa da salatif, muka manna a bayan kwalin tayil. Dutsen Zuma na can gefe guda, mun ba shi girman da ya fi na gaskiya. Ranar Asabar abokan suka dawo, suna ta sunkuyar da kai, na ce su shigo. Suka ce dole sai na ɗauki mutum guda, aka ba ni madugu. Da ayari ya iso bakin rafi na ce a ƙetare kafin duhu, na jefa ɗan lidon, ya ba ni 2. Jakuna uku da kayan gishiri suka bi ruwa, yaron nan kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki.