Faifan Talla Ya Koma Cikin Waya

Kowa ya san matar aure a ƙasar Hausa ta daɗe tana ciniki ba tare da ta taka kasuwa ba. Ko dai ta ɗora wa 'yarta faifai a ka, ko kuwa ta danƙa hajarta ga dillaliya, wadda za ta bi gida-gida, ta dawo da kuɗi ta cire la'adarta. A irin wannan gida na tashi, cikin birnin Kano. Mahaifiyarmu turaren wuta da humra take haɗawa, sana'ar da ta koya wurin wata maƙwabciya 'yar Barno. Yayata ita ta sha tallan nan, har ya zamana karatunta bai wuce firamare ba, kuma da ma layi yana kan ƙanwata.

To, sai ga waya ta shigo hannuna a 2020. Na fara ɗora hotunan kwalaben a WhatsApp, a wurin nan da hoto yake kwana ɗaya ya ɓace, wanda kamfanin ya ƙirƙiro a 2017. Sai dai fa ba kowa ke gani ba, sai wanda kuka ajiye lambar juna. Saboda haka jarinmu na farko lambobi ne. Duk gidan biki ko suna da Umma ta je, ba ta dawowa sai da lamba goma ko fiye. Daga baya muka buɗe shafi a Instagram, inda baƙon da bai san ƙofar gidanmu ba yake iya cin karo da mu.

Ga wani abu da ya kamata mu masu nazarin harshe mu lura da shi. Hoto ba ya ƙamshi, watau ke nan dole baki ya yi aikin hanci. Ni da nake taƙama da boko na yi ta tsara bayani a rubuce, da ƙa'idar rubutu da komai, amma ciniki shiru. Ran da Umma ta karɓi wayar ta yi magana da muryarta, tana yi wa turaren kirari, tana zolayar amare da uwayen gida, a ranar aka saye kwalba 12. Ashe salon nan na 'yan talla, da jan murya da zuga da ba'a, bai mutu ba, wuri ya sake. Yanzu mai adaidaita sahu ke kai saƙo cikin gari, na Kaduna da Jos kuwa sai a ba direba a tasha.

Amma fa dillaliya ba kaya kaɗai take ɗauka ba, har da amana. Ta san matar da ke biyan bashi, ta san wadda sai an kai ruwa rana. Waya ba ta san kowa ba. Wata mata ta taɓa turo mana hoton shaidar biya na jabu, kayan naira 40,000 suka tafi, ta kuma toshe lambarmu. Mai saye shi ma a tsorace yake, don ya sha ganin zinariya a hoto a kawo masa tagulla. Bugu da ƙari, rumfar ta aro ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida, Umma ta yi ta tambayata wa za a kai wa ƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohuwar dillaliyarmu. Ta zo wata Juma'a ta zauna bakin tabarma, ta ce, "Hajiya, an daina yi da mu ke nan?" Shekara 20 da la'adar nan take ciyar da marayun jikokinta. Umma ta mayar mata da cinikin bashi na unguwa, tun da shi waya ba ta iya shi ba, ko da yake bai kai rabin na da ba.

Ƙanwata dai tana aji biyar na sakandare, ba ta taɓa ɗora faifai a ka ba. Dillaliya kuwa ta turo mini babbar jikarta, wai in koya mata yadda ake ɗaukar hoton atamfa launi ya fito.